Kwanon Makarantarmu Yana Saman Zaurena

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa, manya da ƙanana. Don girman Allah a ɓoye sunana da na garinmu. Kuma kafin wani ya fara rubuta mini zagi, ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Duk abin da za ku kira ni da shi na riga na kira kaina da wanda ya fi shi muni. Shawara nake nema, kuma daga yau zuwa Juma'a kaɗai nake da lokaci.

Ni hedimasta ne a wata firamare ta ƙauye tsakanin Batsari da Safana. Ba zan faɗi ƙaramar hukumar da ke riƙe da mu ba. Iyalina suna cikin garin Batsari, kullum a kan mashin nake zuwa aiki, kuma shekara biyu suka rage in yi ritaya. Makarantarmu aji biyu ce ta ginin ƙasa, kuma ba gwamnati ta gina ta ba. Mutanen gari ne suka yi gayya suka buga tubali da hannunsu. Da aka zo rufi, kowane gida ya ba da gyaɗa, Arɗon rugar da ke kusa da mu ya ba da bijimi, aka sayar aka sayo kwano. Akwai wani dattijo, zan kira shi Baba Audu, shi ne mai gadin makarantar kuma shi ne ladanin masallacin garin. Ranar da aka kawo kwanon shi ya zauna da jan fenti ya yi wa kowane falle alama ta ciki, irin wadda Arɗo ke yi wa shanunsa, wai ko an sace a gane. Har yau mutanen garin ba sa cewa makarantar gwamnati, makarantarmu suke cewa.

Yara sun yi mana yawa, aji biyu ba ya ɗaukar su. Na rubuta takardar neman ƙarin gini har na gaji da rubutu. Sai bara da rani aka kira mu hedimastoci ofishin ilimi, aka ce an kawo fom daga Abuja na tallafin gina ajujuwa. Fom ɗin yana da gida biyu. Ko ka cike cewa makarantarka gyara take buƙata, ko ka cike cewa sabon gini take buƙata. Gyara na ƙaramar hukuma ne, sabon gini na mutanen sama ne. To wa bai san ƙaramar hukuma ba ta taɓa saya mana ko ƙusa ɗaya ba? Bayan taron wani jami'i ya ja ni gefe, zan kira shi Yallaɓai. Ya ce, "Hedimasta, bari in gaya maka abin da ba a rubutawa. Mutanen Abuja ba sa karanta takarda, hoto suke kallo. Gini mai rufi ba ya ba su tausayi." Na ce, "Yallaɓai, to namu da rufinsa." Ya yi dariya ya ce, "Kai ba ka san inda kafintoci suke ba? Sati biyu ne fa. A ɗauki hoto, a maida." Bai sa mini wuƙa a wuya ba, wannan zan faɗi gaskiya. Amma shi ya saka mini abin a zuciya, yanzu kuma in ka tambaye shi zai rantse bai taɓa ganina ba sai a taro.

Lokacin hutu na kawo kafinta daga Batsari. Na ce wa mai gari da 'yan kwamitin makaranta gara ta cinye katakon rufin, kada ya faɗo wa yara a ka. Kowa ya yarda, har da yi mini addu'a. Mutum ɗaya ne bai yarda ba. Baba Audu ya ɗauki sandarsa ya ƙwanƙwasa katakon da aka sauko da shi, ya dube ni ya ce, "Malam, wanga katako lahiya lau yake. Ina garar take?" Na ja shi bayan aji na gaya masa komai, na ce don 'ya'yan garin ne, aji huɗu na bulo za a gina mana, amma in maganar ta fita an fasa. Na ce ya yi mini alkawari. Sai ya ce, "In dai don ɗiyanmu ne, na kama bakina, Allah shi ne shaida. Amma Malam, ka maida shi kahin ruwa ya sauka. Ka san ginin ƙasa." Na ce, "Haba Baba, sati biyu."

Aka zo aka ɗauki hoto, aji biyu baki buɗe suna kallon sama. Yallaɓai ya hango kwanon jingine a bayan aji, ya ce in kawar da shi daga garin gaba ɗaya, don masu tantancewa za su zo daga sama, kuma su ba sa sanarwa. Ranar kasuwar Batsari, da maza suka watse, na samo wata a-kori-kura. Na sa Baba Audu ya loda, ni kuwa na yi gaba a mashin na jira motar a mararraba, muka kai kwanon gidana. Wasu mata masu ɗibar ruwa sun ga motar, sun ga tsohon yana lodi. Ni ba wanda ya gan ni. A lokacin har ina jin na yi wayo.

Sunayen makarantu suka fito, tamu tana ciki. Na yi murna kamar an ce gobe za a kawo bulo. Na je wajen Yallaɓai na ce to sai in maida rufi ko? Ya zaro ido ya ce, "Ka maida? An rubuta makarantarka ta rushe. In masu tantancewa suka zo suka tarar da rufi, wa ya yi ƙarya, ni ko kai? Sa hannun wa ke kan fom?" Ya ce in ƙara sati ɗaya. Daga nan ne fa aka fara abin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutanen sama suka ce ba za su saki ko kwabo ba sai na ƙasa sun zuba nasu kason. Na ƙasa suka ce ba za su sa hannu ba, don an zauna a Abuja an zaɓi makarantu ba a tambaye su ba, an kuma ɗauko 'yan kwangila daga wata uwa duniya alhali ga nasu a gida. Na sama suka ce ai da aka bar muku zaɓin a baya, ina ginin? Na ƙasa suka ce ku kun taɓa taka ƙauyen nan da ƙafarku? Takarda ta tafi, takarda ta dawo. Aka kafa kwamiti, kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti. Masu tantancewa yau a ce suna tafe, gobe a ce suna tsoron hanya. Su suna tsoron hanyar da ni nake bi safe da yamma, hanyar da 'yar shekara bakwai ke bi daga ruga da ƙafa! Jama'a, wannan wane irin rashin imani ne? Manyan mutane masu furfura suna jayayya a kan wa zai ba da kwangila, wa za a rubuta sunansa a allon bakin hanya, mu kuwa muna kallon gabas hadari yana haɗuwa. A cikinsu akwai wanda ɗansa ke zama a ƙasa? Akwai wanda ya taɓa koyar da lissafi a gindin bedi, akuya tana cin littafin rajista?

Ranar da aka yi yayyafin farko Baba Audu ya tare ni tun ban kafe mashin ba. Ya ce, "Malam, ruwa ya taɓa ƙasa. A kawo kwanon nan, ni da kaina ina hawa in buga." Na ce ya ƙara haƙuri, sati mai zuwa suna tafe. Ya ce, "Malam, ruwa bai san da su ba." Na ɗaure fuska na ce masa wa ke hedimasta a nan, ni ko kai? Wallahi na faɗi haka ga mutumin da a haife ya haife ni. Ya sunkuyar da kai ya tafi. Washegari na tarar ya yanko kara da zana ya rufa kan bangon iya inda hannunsa ya kai. Sau uku ina komawa ofis. Na farko aka ce Yallaɓai yana taro a Katsina. Na biyu ya ce maganar tana sama. Na uku ya bar ni a benci har azahar, ya fita ta ƙofar baya.

Ni ɗan ƙauye ne, a ɗakin ƙasa aka haife ni. Na san abin da ruwa ke yi wa bangon da ba rufi, ba sai wani ya karanta mini ba. Kullum ina ganin kan bangon yana zagwanyewa, jar ƙasa tana gangarowa kan allo, ina cewa gobe. Tsoron takardar tuhuma ya fi ƙarfina, tsoron a ce na yi ƙarya a fom a taɓa mini fansho. Da damina ta kai tsakiya aka yi ruwan kwana biyu ba ƙaƙƙautawa, bangon gabas ya kwanta, na tsakiya ya bi shi. Allah ya taimake ni ranar Asabar ce, ba yaro a ciki. Da na je na tarar mutanen gari sun kewaye wurin. Ƙaryar da na rubuta a fom ta zama gaskiya, makarantarmu ta rushe.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi komai ba ni kunya. A ruwan nan ne rufin zauren gidana shi ma ya rufta. Ga kwano a tsakar gida an jera, ga zaure a buɗe. Na ce a raina ai ajin ma ya faɗi, ba inda za a maida shi yanzu, in ara, in albashi ya zo in sayi sabo in mayar. Matata ta tambaye ni na wane ne, na ce ragowar na ofis ne aka ba ni. Na kira kafintan nan dai ya buga, zauren babba ne, ya cinye kwanon duka. Albashi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, ban sayi ko falle ɗaya ba. Aro ne wannan? Ni ma na san sunansa.

Bayan kaka mutanen gari suka gaji da jiran gwamnati, suka ce za su sake gayya su yi wa yara ko rumfa ce. Aka taru a ƙofar gidan mai gari, aka ce a fito da kwano. Aka duba bayan aji babu, aka duba gidan Baba Audu babu. Nan take wani ya ce matarsa ta ga tsohon yana loda shi a mota ranar kasuwa. Wuri ya yamutse. Arɗo ya miƙe yana kaɗa sanda, ya ce, "Bijimina na bayar don ɗiyanmu su yi karatu, ba don wani ya kai kasuwa ba!" Mai gari ya juyo gare ni ya ce, "Hedimasta, kai ne shugaba. Ina kwanonmu?" Na ga ritayata, na ga 'yan sanda a ƙofar gidana, na ga maƙwabta suna leƙen zaurena. Sai na ji kaina ina cewa, "Ranka ya daɗe, ni dai a hannun mai gadi na bar shi." Baba Audu ya ɗago ya dube ni. Ba harara ba ce, da ma harara ce da na fi jin sauƙi. Mai gari ya ce, "Audu, mi za ka ce?" Ya ce, "Ba ni da ta cewa, ranka shi daɗe."

Tun daga ranar aka karɓe gadi daga hannunsa. Wannan bai dame shi ba kamar abin da ya biyo baya. Liman ya aika masa cewa ya huta da kiran salla har a gano gaskiya, don mutane sun ce ba za su amsa kiran ɓarawo ba. Mutumin da tun yana saurayi muryarsa ke tada garin, yanzu a sahun baya yake salla, can wajen takalma. Jikokinsa suna makarantata, ina ji ana ce musu jikokin mai kwano, ni ne kuma nake ɗaga bulala ina cewa a daina. Wane irin munafuki ne ni? Shi kuma ko sau ɗaya bai fasa gaishe ni ba. In na wuce sai ya ce, "Malam, an zo lahiya? Ya ɗiyanmu?" Gaisuwar nan ta fi mari ciwo.

Satin da ya wuce Arɗo ya ce in ba a yi wani abu ba zai kai magana gaban alƙali. Mai gari ba ya son abin ya fita gari, sai ya yanke cewa ranar Juma'ar nan bayan an sauko, Baba Audu zai dafa Alƙur'ani a gaban jama'a ya rantse bai san inda kwanon yake ba. In ya rantse an wanke shi. In ya ƙi, shi ne ɓarawon, a sayar da gonarsa a sayo wani. To ta yaya zai rantse, alhali ya sani? Ta yaya kuma zai faɗa, alhali ya sa Allah shaida cewa ya kama bakinsa? Ni na ɗaure tsohon nan ta ko'ina.

Na ruga wajen Yallaɓai na ce zan tona kaina. Ya rufe ƙofa ya ce, "Ka haukace? Yanzu ne fa ake neman sasantawa. Mutanen sama dalili kawai suke nema su ce mu maƙaryata ne. In suka ji an cire rufi don hoto, ba taka kaɗai za su soke ba, duk makarantun yankin nan za su soke. Za ka hana dubban yara aji saboda tsoho ɗaya?" Na ce, "Yallaɓai, ai kai ka ce in cire." Ya ce, "Ni? A wace takarda?" Wallahi da ba don na kai zuciya nesa ba da na kifa masa teburin nan a ka. Kuma abin haushin, ban san ko gaskiya yake faɗa ba ko kujerarsa yake karewa. Shekara guda ke nan ana gaya mini sati mai zuwa.

Jiya ina gida bayan la'asar aka yi sallama. Na fito na ga Baba Audu, ya rame, riƙe da 'yar ledar goro. Bai taɓa zuwa gidana ba. Kafin in yi dabarar tsayar da shi a waje, ya riga ya cire takalmi ya shigo zaure. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki. Zaurena ba silin. Ina kallo ya jingina da bango ya ɗaga kai sama, ga jan fentinsa nan a kowane falle, aikin hannunsa. Ya daɗe yana kallo, leɓensa yana motsi, ashe ƙirgawa yake. Sai ya ce, "Duk suna nan, alhamdu lillahi." Na kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Ban zo tada maka hankali ba, Malam. Na zo in ji ne, alkawalin nan har yanzu shina nan? In ka ce shina nan, ni ba ni rantsuwa kan ƙarya, kuma ba ni buɗa baki. Gona ta tahi, ba komi. Abu guda dai nike so in sani, ginin nan suna zuwa kuwa?"

Na sunkuyar da kai. Ya ajiye mini goro biyu a kan tabarma, ya miƙe yana dafa bango. A bakin ƙofa ya sake ɗaga kai ya ce, "Na ukun can daga gabas yana da 'yar huda, tun a makaranta. In ruwa ya sauka ka kawar da tabarma daga wurin."

Tun jiya ban iya zama a zauren nan ba, ta ƙofar baya nake shiga gidana. Ina jin haushin mutanen Abuja da ba su san mu ba sai a hoto. Ina jin haushin na ofishinmu da suka san mu sarai suka sayar da mu saboda jayayyar kwangila. Amma ba su suka ce a hannun mai gadi na bar shi ba, ni na faɗa da bakina. In na tashi ranar Juma'a na faɗi gaskiya, aikina da fanshona sun tafi, 'ya'yana za su gaji sunan da jikokinsa ke ɗauke da shi yanzu, wataƙila kuma in jawo a soke ginin yaran da ba su san komai ba. In na yi shiru, tsohon da ya riƙe mini amana zai rasa gonarsa, ya mutu a sahun baya ana ce masa ɓarawo. Na yi tunanin in kwance kwanon in kai a ɓoye in ajiye, amma kowa zai ce tsoron rantsuwa ne ya sa ya fito da shi.

Malamai, iyaye, 'yan uwana ma'aikata da kuka san halin ofisoshin nan, ku taimake ni da gaskiya ko da mai ɗaci ce. Yau da safe na ɗauko tsani na jingina da zauren, ga hama a hannuna, na tsaya ina kallonsa har matata ta tambaye ni ko lafiya. Har yanzu yana nan jingine, ban hau ba, ban kuma ɗauke shi ba. Jibi Juma'a.

Me zan yi?